Kun Tambaya: Me Ya Sa "Pan" Ke Zama "Fan" a Bakinmu?

Wasiƙun wannan watan kusan duk ƙorafi ne a kan kurakuran Turanci da ke ɓata wa masu karatu rai, nasu da na wasu. Malaman Turanci da ke kula da wannan fili sun zaɓi guda shida.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Gusau. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaro ya ce "fen" yana nufin *pen*, sannan ya juya ya ce "pish" yana nufin *fish*. Da a ce ba ya iya furta *p* ne da na yi masa uzuri, amma ga shi yana kawo ta inda ba a neme ta ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ganganci yaron yake yi ba, kunnensa ne bai raba *p* da *f* ba. A Hausa sautin nan guda ɗaya ne, kuma da leɓɓa biyu ake yin sa, haƙori ba ya shiga ciki. Wani ya rufe leɓɓan ruf ya fito kamar *p*, wani ya bar 'yar kafa iska ta zurara ya fito kamar *f*, Basakkwace kuma ya ce "hwari" inda Bakano ke cewa "fari", ma'ana ba ta motsa ba. Shi ya sa baƙaƙen boko na Hausa ba su da *p*, kuma duk kalmar da muka aro mai ita sai muka mayar da ita *f*: fetur, famfo, fasinja, fensir, farfesa, har firamaren da kike koyarwa. A Turanci kuwa sautuka biyu ne masu raba ma'ana. *Pull* ja ne, *full* cikakke. *Pool* tafki ne, *fool* wawa. Wanda ya shiga shagon buga takardu ya nemi *coffee* alhali *copy* yake so, to ya nemi abin sha. Shi kuma "pish" ɗin, yaron da ya sha faɗa ne ya fara zargin kowace *f*, gyaran ya wuce gona da iri.

Ki fara da kunne kafin baki. Ki rubuta *pan* a dama da allo, *fan* a hagu, ki riƙa furta ɗaya, su kuma su nuna ɓangaren da suka ji. Sai sun daina kuskure a nan za ki sa su furta. Wajen *f*, haƙoran gaba na sama su sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta bi tsakani, kuma ana iya jan ta har daƙiƙa biyar. *P* ba ta jawuwa: leɓɓa su haɗe, iska ta taru, a sake ta ta fashe. Ki yanka takarda siririya, yaro ya riƙe ta kamar nisan yatsu uku daga bakinsa. In ya ce *pan* daidai takardar za ta yi tsalle, in ya ce *fan* karkata kawai za ta yi a hankali. Kalmomi goma masu kama da juna, minti biyar kullum, ya fi darasin awa guda sau ɗaya a mako. Yaran da suka yi tajwidi a Islamiyya sun riga sun san wurin, domin mafitar harafin ف ita ce cikin leɓen ƙasa da bakin haƙoran sama. Ki ce musu *f* ta Turanci ita ce wannan.

In *f* ta zauna, *v* ta zo a sauƙaƙe, don wuri ɗaya ne, sai dai ita da murya ake yin ta. Yaro ya ɗora hannu a maƙogwaro, zai ji yana rawa. Mu *b* muke sa wa a gurbinta, kamar a direba da talabijin da bidiyo, shi ya sa *vote* ke komawa *boat*, *vest* ta koma *best*.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a jami'a. Abokaina 'yan Kudu na yi mini dariya in na ce "I sink so". Ya zan yi da wannan *th*?

Amsa: Ɗalibi, ka saurare su da kyau, da yawansu "tink" da "dat" suke cewa. Kowa harshensa ya ba shi abin da ya fi kusa: mu *s* da *z*, su *t* da *d*. Amma ka gyara naka, domin *think* da *sink*, *thick* da *sick*, *mouth* da *mouse*, *clothing* da *closing* duk kalmomi ne daban. Sautukan biyu ne, kuma duka suna cikin Larabci. Na *think* da *three* shi ne ث na "thumma", wanda mukan karanta "summa" in ba mu kiyaye ba. Na *this* da *mother* shi ne ذ na "allazi". Ka sa tsinin harshe ya taɓa bakin haƙoran sama har ka hango shi a madubi, sannan ka hura. In ba ka ga harshen ba, *s* ka yi. Ka kula da 'yan tsirarun da ke yaudara: *Thomas*, *Thames* da *Thailand* da *t* zalla ake faɗarsu.

Tambaya: Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Bauci. Na gaji da jan layi a ƙarƙashin "borrow me your pen" da "I am hearing smell". Na yi bayani har maƙoshina ya bushe, gobe su sake. Me nake yi ba daidai ba?

Amsa: Malam, muna zaton kana gyara Turancin ne ba ka taɓa Hausar da ke ƙarƙashinsa ba. Waɗannan jimloli Hausa ce tsaf aka sa mata rigar Turanci, kuma ɗalibi ba zai saki abin da yake ji daidai ne a ransa ba sai ya ga daga inda ya fito.

Ɗauki na farkon. Mu saiwa ɗaya muke amfani da ita ta kowane ɓangare: "na ari biro", "ara mini biro", "na ranci kuɗi", "ranta mini kuɗi". Bature ya raba su gida biyu. Mai karɓa shi ke *borrow*, mai bayarwa shi ke *lend*. Don haka ko dai *lend me your pen* ko *may I borrow your pen*. Ka sa yara biyu gaban aji da biro ɗaya, kowa ya faɗi abin da shi ya yi.

"Ji" kuwa ta fi kowa jawo rigima, don a Hausa tana ɗaukar kaya biyar: jin magana, jin wari, jin zafi, jin ɗanɗano, jin harshe. Turanci na da *hear*, *smell*, *feel*, *taste* da *understand*. "Ina jin Turanci" shi ne *I understand English*. Haka "sha": muna shan ruwa, shan magani, shan lemo, shan taba, shan wahala, amma *drink* ta abu mai ruwa ce kawai. Magani *take*, lemon ɓawo *eat*, taba *smoke*. Ka ba su aiki su jero duk abin da ake "ji" da duk abin da ake "sha", su nemo wa kowanne nasa aikatau.

Akwai wasu uku da za ka gani a littattafansu. "My father he is a farmer" daga "Audu ya zo" ta fito, inda dole sai da "ya" ko da an ambaci suna. Turanci ba ya maimaitawa. "I am having two brothers" daga "ina da" ne, ɗalibi ya ga "ina" ya ɗauka *am* ce da *-ing*, alhali aikatau na mallaka da sani da so, irin su *have*, *know*, *want*, ba sa ɗaukar *-ing* a wannan ma'ana. Na ukun shi ya fi haɗari, don yana juya magana. In aka ce wa Bahaushe "ba ka biya ba?" sai ya ce "e, ban biya ba". A Turanci amsa tana bin abin da ya faru ne: *No, I didn't* in bai biya ba, *Yes, I did* in ya biya. "Yes, I didn't" ba ta da gurbi, kuma a gaban jami'in shige da fice ko likita tana iya jawo abin da ba a so.

Ita dai "I am coming" da mutum ke faɗa yana fita, daga "ina zuwa", ba ma ɗaga mata hankali a hira tsakanin 'yan Najeriya, kowa ya gane. Sai dai baƙo zai tsaya yana kallon ƙeyarka. Shi ka ce masa *I'll be right back*.

Tambaya: Ni mai rubuta alluna ne a Kano. Wani ya dawo mini da allo wai na rubuta "Dinning Hall" ba daidai ba. Yaushe ake ninka baƙi a Turanci?

Amsa: Mai gaskiya ne, Malam, *dining* ce da *n* ɗaya. A Hausa baƙi biyu ana jin su a baki, shi ya raba "baba" da "babba". A Turanci ba a furta su biyu, alama ce kawai cewa wasalin da ya gabace su gajere ne. Kwatanta *hoping* da *hopping*, *later* da *latter*, *diner* da *dinner*. Ƙa'idar ita ce: kalmar da ta ƙare da *e* marar sauti, a cire *e* a ƙara *-ing*, babu ninki. *Dine* ta zama *dining*, *write* ta zama *writing*, *come* ta zama *coming*. Wadda ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, kuma a gaɓar ƙarshe ake danna murya, ita ake ninkawa: *sitting*, *cutting*, *beginning*, *referring*. In a gaɓar farko ake dannawa, a bar ta: *offering*, *opening*, *visiting*. Turancin Ingila, wanda makarantunmu ke bi, yana ninka *l* ko ta yaya, *travelling*, na Amurka kuwa *traveling*.

Tun da fenti ba ya gogewa da sauƙi, ka liƙa waɗannan a bangon shago: *accommodation* da *c* biyu da *m* biyu, *stationery* mai *e* ta kayan rubutu, don mai *a* tana nufin abin da ke tsaye cik, *welding*, *tailoring*, *restaurant*, *grateful* ba "greatful" ba, *lose* asara, *loose* sako-sako.

Tambaya: Me ya sa Bature zai rubuta harafi ya ƙi furta shi? An yi mini gyara a kan *debt* da *plumber*.

Amsa: Rubutun ne ya daskare, baki ya ci gaba da tafiya. William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476, daidai lokacin da furucin wasulan Turanci ke sauyawa, abin da ya ɗauki daga wajajen 1400 zuwa 1700. A da ana furta *k* ta *knife* da *knee*, aka bar furtawa, ba a bar rubutawa ba. Ita kuwa *b* ta *debt* da *doubt* ba a taɓa furta ta ba. Kalmomin daga Faransanci suka shigo ba tare da ita ba, masana suka cusa ta don a ga asalinsu na Latin. Haruffa 26 ke ɗauke da sautuka kusan 44, don haka ɗabi'armu ta karanta abin da muka gani, wadda ke yi mana aiki a Hausa, a nan tana kā da mu. Ka riƙe waɗannan: *b* bayan *m* a ƙarshe shiru take, *bomb*, *comb*, *climb*, har *plumber*, *t* a *listen*, *castle*, *fasten*, *w* a *sword* da *answer*, *p* a *receipt*, *h* a *hour*, *honest*, *heir*, shi ya sa ake cewa *an hour*.

Tambaya: Ni sakatariya ce a wani ofis a Kaduna. Wasiƙun da ke biyowa ta teburina cike suke da "equipments", "staffs" da "am writing to request for". Wasu manya ne ke rubutawa, har na fara shakkar kaina.

Amsa: Hajiya, kada ki yi shakka. Akwai sunayen da Turanci ke ɗauka kamar ruwa ko gari, ba a ƙirga su, ba sa ɗaukar *s* kuma ba a sa musu *a* ko *an*: *equipment*, *furniture*, *information*, *advice*, *luggage*, *evidence*. Mu muna da "shawarwari" da "bayanai" da "hujjoji", shi ya sa hannu ke kai wa ga *s*. In ana son ƙirgawa sai a kawo ma'auni, *two pieces of advice*, *an item of furniture*. *Staff* kuwa taron ma'aikatan ne gaba ɗaya; mutum ɗaya *a member of staff* ne, goma *ten members of staff*.

"Am writing" ba ta da mai aikatawa. Saƙon waya ne ya haife ta, kuma *I'm* ɗin da kunne ke ji kamar "am". A wasiƙar ofis *I am writing* ce. Sai aikatau da ake rataya wa kayan da ba nasu ba: *request*, *discuss*, *emphasise*, *comprise* kai tsaye suke faɗawa kan abin, babu *for*, *about*, *on* ko *of*. Ruɗanin daga sunayensu yake, don *a request for leave* da *a discussion about salaries* daidai ne, amma *I request leave*, *we discussed salaries*. *Reply* kuma akasin haka take, tana buƙatar *to*: *reply to my letter*, ba "reply my letter" ba. Ki ƙara da *severally*, wadda ake sa wa a nufin "sau da yawa" alhali ma'anarta "kowa daban", kalmar lauyoyi ce. Abin da ake nufi *several times* ne.

Game da manyan, ki gyara a kwamfuta kafin ki buga, ki kai musu su sa hannu. In wani ya tambayi inda *s* ɗinsa ta tafi, ki buɗe masa ƙamus na masu koyo, ki nuna masa ƙaramin harafin *U* da ke gefen kalmar, shi ne alamar sunan da ba a ƙirgawa.