Tambaya da Amsa: Kwaɗon da Duk Duniyarsa Tafki Ɗaya Ce

A fitowar da ta gabata, cikin bayanin tsaunukan Kamaru, mun ambaci kwaɗon Tafkin Oku a jimla ɗaya muka wuce, sai ga shi masu karatu sun aiko da wasiƙu suna neman ƙarin haske. Mun zaɓi uku daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamin firamare ne a Gembu, jihar Taraba. Kun rubuta cewa akwai wani kwaɗo a Kamaru wanda ba a samun sa a ko'ina sai a tafki ɗaya. Kwaɗon da muka sani, da zarar damina ta faɗi, yana bin kowane kududdufi. Me ya hana wannan fita ya yaɗu? Kuma yaya kamanninsa suke?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da muka rubuta haka yake. Sunansa a wurin masana Xenopus longipes, kuma masu bincike biyu daga Janiba ta ƙasar Suwizalan, Loumont da Kobel, su suka fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1991. Mazauninsa Tafkin Oku ne, a Yankin Arewa maso Yammacin Kamaru, a jikin Tsaunin Oku mai tsawon mita 3,011. Shi kansa tafkin yana sama da mita 2,200 daga doron teku, a cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, ruwan sama ya cika shi, kurmi ya kewaye shi. Tsaunukan nan da naku na Mambila jeri ɗaya ne, saboda haka sanyin wurin da hazonsa ba baƙon abu ba ne a gare ka.

Kwaɗon ƙarami ne ƙwarai. Namiji yana wajen santimita 3, mace ta ɗara shi kaɗan, ba ta cika santimita 4 ba. Jikinsa a baje yake, da santsi, bayansa ruwan ƙasa ne da ɗigo-ɗigon baƙi, cikinsa ya fi haske, yana ɗaukar ruwan lemo. Ƙafafunsa na baya dogaye ne idan aka kwatanta da jikinsa, da fata a tsakanin yatsu don iyo, kuma a kan yatsun ciki akwai baƙaƙen farata masu tauri. Duk danginsa ba su da harshe, don haka ba ya cafke ƙwaro daga nesa kamar kwaɗon bayan ɗaki. Da hannuwansa na gaba yake tura abinci cikin baki, idan abin ya yi masa girma ya yaga da faratan baya. A gefen jikinsa akwai wasu layuka kamar ɗinki, waɗanda da su yake jin motsin ruwa, har ya gane inda tsutsa take ko da a cikin duhu.

Amsar tambayarka ta farko tana cikin wannan siffa. Kwaɗon da ka sani a Gembu yana rayuwa a tudu, ruwa kuwa wurin yin ƙwai ne kawai a gare shi. Wannan ba haka yake ba: a ruwa ake ƙyanƙyashe shi, a ruwa yake ci, a ruwa yake mutuwa, iska kawai yake ɗagowa ya shaƙa ya koma. Ga kuma gangaren dutse da ya yi wa tafkin zobe, sannan jikinsa ya saba da ruwa mai sanyi, mai ƙarancin gishiri da ma'adinai, wanda ba kowane rafi ke da irinsa ba. Idan ka ga mai kama da shi a tafkunan Mambila ko a fadamun arewa, to ɗan'uwansa ne, domin dangin Xenopus suna da yawa a Afirka kudu da Sahara, wasu ma a ƙasar Hausa suke, suna nutsewa cikin laka idan rani ya yi tsanani.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun kimiyyar halittu a Zariya. Ina son sanin abin da ya sa masana suka damu da wannan ɗan kwaɗo, alhali akwai dabbobin da suka fi shi girma da amfani suna ƙarewa.

AMSA: Malama, tun da fanninki ne, bari mu shiga cikin ƙwayar halitta. Kin san ɗan Adam yana da kuromosom (zaren da ke ɗauke da gadon iyaye a cikin ƙwayar halitta) guda 46, wato jeri biyu, 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma yawancin dabbobi masu ƙashin baya a kan jeri biyun nan suke. Kwaɗon Tafkin Oku yana da 108, a jeri 12. Wannan abu ne da aka saba gani a tsirrai, alkama ma tana da jeri 6, amma a dabbobi yana da wuyar samu matuƙa. Lokacin da aka gano shi, wani kwaɗo ɗaya tak aka sani da irin wannan adadi, ɗan'uwansa na yankin tsaunukan Ruwenzori da ke tsakanin Yuganda da Kwango. A shekarar 2015 aka bayyana ƙarin wasu biyu, kuma dukansu daga Kamaru suke.

Yadda masana suka fahimci abin shi ne, a can baya jinsi biyu mabambanta sun yi barbara, 'ya'yan suka riƙe dukan gadon iyayen biyu maimakon rabi-rabi, sai adadin ya ninka, kuma hakan ya sake faruwa fiye da sau ɗaya a tarihin dangin. Za ki ga matakan idan kika jera 'yan'uwan: akwai mai 20, akwai mai 36, akwai mai 72, sannan mai 108. Duk wanda ke son sanin abin da jiki ke yi da ƙarin kwafin gado, wanne yake ajiyewa, wanne yake kashewa, wanne yake ba sabon aiki, to ga halitta mai rai da za ta nuna masa.

Batun amfani kuwa, dangin nan sun riga sun biya bashi. Ɗan'uwansa na kudancin Afirka, Xenopus laevis, shi aka yi ta gwajin ciki da shi daga shekarun 1930 zuwa na 1960: a yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin mace, idan tana da juna biyu kwaɗon ya zuba ƙwai kafin kwana ya zagayo. Da shi kuma John Gurdon na Ingila ya yi gwajin da ya nuna cewa ƙwayar halittar da ta riga ta girma tana ɗauke da cikakken gadon jiki, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2012. Babu wanda ya hango haka lokacin da ake ganin sa a matsayin kwaɗon kududdufi. Ban ce na Oku zai kawo irin wannan ba, amma a ganina rashin sanin amfanin abu bai isa hujjar barin sa ya ɓace ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mai kiwon kifi ne a Ngaundere. Na ji cewa babu kifi a tafkin nan. Ashe ba asara ba ce a bar ruwa mai yawa haka zaune? Da an zuba tarwaɗa ko karfasa, ai da mutanen wurin sun sami abinci da sana'a.

AMSA: Alhaji, niyyarka mai kyau ce, amma abin da ka kawo shi ne babban abin da masu kula da kwaɗon nan suke tsoro. Tafkin ba shi da kifi tun asali, kuma wannan rashin shi ne ya ba kwaɗon sarari, ya zama shi ke riƙe da gurbin da kifi ke riƙewa a wasu ruwaye. Bai taɓa zama da abin da ke farautar sa a cikin ruwa irin tarwaɗa ba. 'Ya'yansa masu wutsiya suna shawagi a tsakiyar ruwa suna tace abinci, kuma sukan wuce wata shida kafin su rikiɗe su zama kwaɗi, alhali na kududdufin damina makonni kaɗan suke yi. Ka fi ni sanin abin da tarwaɗa mai yunwa za ta yi da irin wannan a cikin wata shida. Kifin da aka zuba a tafki mai zurfin kusan mita 50 kuwa, babu komar da za ta kwashe shi duka idan an yi da-na-sani.

An taɓa ganin irin haka a wurin da ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a Tafkin Biktoriya da ke gabashin Afirka don bunƙasa kamun kifi. Kasuwa ta bunƙasa, amma ƙananan kifayen asali kusan iri 200 suka ɓace ko suka kusa. Can akwai gaɓa da sarƙaƙiya da wasu suka fake. A Oku babu tafki na biyu. Wannan ne ya sa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa kwaɗon a matakin da ya fi kowanne haɗari kafin ƙarewa, duk da cewa a cikin tafkin yana da yawa. Yawa a wuri ɗaya ba ya hana annoba ɗaya ta share su. A 2006 an fara ganin matattu da marasa lafiya a bakin ruwa, da gyambo a jiki da ruɓaɓɓun ƙafafu, kuma binciken da aka yi bai tsayar da dalili guda ba. Ga saran kurmi da kiwo da gobarar daji a kan tsaunin, waɗanda ke tura ƙasa da toka cikin ruwa.

Abin da ya kare tafkin zuwa yau, kafin dokar gwamnati, al'adar mutanen Oku ce. Suna girmama shi a matsayin wuri mai tsarki a gargajiyarsu, ƙarƙashin kulawar sarkinsu da ake kira Fon, kuma ba kowa ke shiga ruwan yadda ya ga dama ba. Ko mutum bai yarda da aƙidar ba, ya ga abin da ta tsare. A waje kuma, gidan namun daji na Landan ya yi nasarar sa kwaɗon ya hayayyafa a hannu a karon farko a 2014, bayan 'ya'yan sun yi ta mutuwa har sai da aka daidaita ruwan da irin na tafkin. Rikicin da ya ɓarke a yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi tun 2016 ya sa zuwa wurin don bincike ya yi wuya.

Game da sana'a, mutanen Oku ba su rasa ba. Daga kurmin Kilum-Ijim da ya kewaye tafkin ake samun farar zumar Oku, wadda a 2013 aka yi mata rajistar da ta hana a sayar da wata zuma da sunanta, kuma ƙudan zuman nan da furannin itatuwan kurmin suke aiki. Wanda yake son kiwon kifi a yankin sai ya haƙa tafkinsa a gangare, nesa da bakin dutsen, inda ruwa ya fi ɗumi, domin tarwaɗa da karfasa ba sa girma da sauri a ruwa mai sanyi irin na mita 2,200, kuma kuɗin abincin da za ka zuba ba zai dawo ba.