Furosesa za ta yi ƙaranci, in zuba jarina in ajiye?

Wani mai sayar da kayan kwamfuta ya tambaye ni: dilansa ya ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, za ta yi wuyar samu, shin ya kwashe jarinsa ya saro da yawa ya ajiye har ta yi tsada?

Malam, kada ka yi haka. Ba wai dilan naka ƙarya yake yi ba, ƙarancin yakan faru, domin masu ƙera wannan kaya ba su da yawa. Tun 2009 AMD, ɗaya daga cikin manyan masu yin furosesa, ta rabu da masana'antunta, yanzu zane take yi ta kai wa kamfanin TSMC a Taiwan ya ƙera mata, inda Apple da Nvidia su ma suke bin layi. Intel kuwa, babbar abokiyar gasar AMD, da kanta take ƙera yawancin nata, kuma da ta samu tsaiko wajen komawa sabuwar fasahar ƙira da ake kira nanomita 10, furosesarta ta yi wuya a 2018 da 2019. Injin da ke zana layuka mafi ƙanƙanta a jikin silikon, wato sinadarin da ake ƙera furosesa da shi, ma kamfani ɗaya tak ke yin sa, ASML na ƙasar Holan. Sabuwar masana'anta sai ta ci biliyoyin daloli da shekaru kafin ta fara aiki, wadda ke aiki kuma sai faifan silikon ya yi kusan wata uku a cikinta.

Wannan jinkirin ne ke karya 'yan kasuwa. Da kaya ya yi wuya, kowa sai ya yi odar abin da ya wuce buƙatarsa, kafin odar ta iso masu saye sun ja baya. Lokacin korona, a 2020 da 2021, rububin kwamfuta aka yi ta yi. A 2022 ciniki ya faɗi, kaya ya yi kwantai, dole aka karya farashi.

Ga shi furosesa ba ta ajiyuwa. Kusan kowace shekara sabuwa ke fitowa ta rage wa ta hannunka daraja, wani lokaci har mazauninta a madabod, wato babban allon da ake dasa kayan kwamfuta a kai, ake canzawa, kamar yadda AMD ta fito da sabon mazauni mai suna AM5 a 2022 bayan tsohon mai suna AM4. Abin da ya fi damuna ke nan, jarinka ya kwanta a kan kayan da kullum ƙara tsufa suke yi.

Ka saro abin da ka san zai fita cikin wata ɗaya zuwa biyu, ka haɗa Intel da AMD, ka kuma nemi dila na biyu tun yanzu. In wani ya zo da babbar oda, ya ba da kafin alƙalami tukuna ka taɓa jarinka.