Ƙanwata tana shan giya a ɓoye, da muka hana ta sai aka ce aljanu ne

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim, a sakaya sunana. Ƙanwata ce, shekararta 28, aurenta ya mutu a birni ta dawo gida da goyo. Mun gano tana shan wasu 'yan kwalabe da take cewa maganin basir ne, ashe giya ce a ciki, kuma ta fi shekara biyu tana sha kullum. Yayanmu ya ƙwace ya kulle ta a ɗaki. Kwana biyu jikinta ya hau karkarwa, gumi sharkaf, tana cewa ƙwari suna hawa jikinta. Inna ta ce aljanu ne, aka yi mata hayaƙi. Yanzu Yaya yana so a kai ta gidan mari. Mun rasa yadda za mu yi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Idan har yanzu tana cikin halin da kika faɗa, ku nemi mota ku kai ta asibiti yau, kada a jira gobe. Abin da kuka gani ciwo ne da muka san shi sarai, kuma yana iya kisa.

Ga abin da ya faru. Giya tana danne ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, sai ƙwaƙwalwar ta ƙara ƙaimi don ta iya aiki a ƙarƙashin wannan nauyi. Ran da aka janye giyar farat ɗaya, sai ƙwaƙwalwar ta zabura ba linzami. Daga awa 6 zuwa 24 ake fara ganin rawar hannu, gumi, tashin zuciya da rashin barci. Cikin kwana biyun farko wasu kan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu ne mafi haɗari: ruɗewa, zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ganin ƙwari ko macizai da ba wanda yake gani sai ita. Lissafa kwanakin ƙanwarki, za ki ga sun zo daidai. Ban hana Inna addu'a ba, a yi ta, amma a yi ta a bakin gadon asibiti.

A can za a ba ta maganin da zai kwantar da jijiyoyi, irin su diazepam, a riƙa rage shi a hankali cikin 'yan kwanaki, tare da ruwa da bitamin B1 wanda ke kare ƙwaƙwalwa daga lahanin da ba ya gyaruwa. Kada ku sayo diazepam a kemis ku ba ta da kanku. Idan ya haɗu da giya, ko kodin, ko roci, numfashi yake dannewa, mutum ya kwanta barci bai tashi ba. Shi ya sa dole ta gaya wa likita gaskiyar duk abin da take sha. Babban asibitin da ya fi kusa da ku ya isa a fara, daga nan a tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko na Dawanau, ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano.

Maganar gidan mari kuwa, ki roƙi Yaya ya janye ta. Na san kishin gidansu ne ya sa shi, amma sasari ba ya magani. Duk mun ga halin da aka tarar da mutane a irin waɗannan gidaje a Rigasa da Daura a 2019, balle mace mai shayarwa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shekaru biyun nan. Jikin mace ba ya ɗaukar giya kamar na namiji, domin ruwan jikinta bai kai nasa ba, sai giyar ta fi taruwa a jininta ko da kwalba ɗaya suka sha. Don haka hantarta takan lalace da wuri. Ku ce a yi mata gwajin hanta da na ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasar nan, domin idan suka haɗu da giya lalacewar tana sauri. Giya tana ƙara haɗarin sankarar mama, tana rikita al'ada, tana hawar da jini. Tana kuma shiga ruwan nono, saboda haka a nuna wa likita jaririn shi ma. A yi mata gwajin ciki tun farko, domin babu wani adadin giya da ya dace da mai juna biyu. Giyar tana taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi har tsawon rayuwarsa.

Waɗannan 'yan kwalabe suna ba ni takaici ƙwarai. Ana sayar da su da sunan maganin basir ko na sanyi, mace ta fara sha da zuciya ɗaya, ta ji damuwarta ta lafa, ta koma. Wasunsu an rubuta yawan giyar a jikin kwalbar da ƙananan haruffa na Turanci, wa zai karanta?

Fitar da giyar daga jiki aikin sati guda ne. Babban aikin yana bayansa. Mace da aurenta ya mutu, ga goyo, ga maganganun mutanen gari, sau da yawa ciwon damuwa ne a ƙasan shan, kuma yana da magani. Idan ba a taɓa shi ba, za ta koma. Akwai kuma magungunan rage kwaɗayin giya, kamar naltrexone, da likita zai duba ko sun dace da hantarta. Ko ta zame ta sake sha bayan an sallame ta, kada ku ce aikin ya tashi a banza, a koma asibiti kawai.

Haramcin giya ba wanda yake jayayya a kai, ita ma ta sani, kunyarsa ce ma ta sa take ɓoyewa. Ki tuna wa Yaya hadisin da ke cikin Buhari, na sahabin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ke ce kika rubuto, don haka ke za ki yi jinyarta. Ki tafi da ɗaya daga cikin kwalaben a jakarki ki nuna wa likita, ki kuma faɗa masa ranar da ta yi shan ƙarshe.