Amsa: Iyaye ba sa zuwa taron makaranta

Malama, kin ce sau biyu kina kiran taron iyaye a firamarenku ba a haɗa mutum goma ba, kina neman yadda za ki jawo su. Ki daina dogara da takardar da ake sa wa yara a jaka. Ki je wurin mai unguwa da limamin masallacin layinku, a yi sanarwa bayan sallar Magariba, ki sa taron Asabar da sassafe kafin 'yan Kantin Kwari da Singa su fita kasuwa. Mata kuma ki ware musu nasu zaman, domin su suka san yarinyar da ta tafi aji da wadda aka ɗora wa talla.

Amma da sharaɗi: kada maganar kuɗi ta fito a zaman farko, don iyaye sun saba duk kiran makaranta na karo-karo ne. A makarantarmu da ke Kurna zagayawa kawai muka yi da su. Da suka ga ajin da rufinsa ke yoyo, yara zaune a kan buhu, wani kafinta a cikinsu ya ce a bar masa aikin kwanon. Yanzu haka yana cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da malamai da jama'ar unguwa masu kula da makaranta, kuma shi ke kiran sauran iyayen.