Tambaya da Amsa: "Yaya ya ce mace ba ta gadon gida"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara 4 ke nan da rasuwar mahaifinmu. Ya bar mahaifiyarmu, maza 2 da mu mata 3, da gida ɗaya a Anguwar Rogo mai shaguna a gaba. Iyayensa sun riga shi rasuwa. Duk sanda muka ta da maganar rabo, sai Yaya babba ya ce mace gidan mijinta ne gidanta, kuma abin kunya ne 'ya mace ta nemi gado. Shi ke karɓar kuɗin haya. Ina mafita?
Daga wata baiwar Allah, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. 'Yar'uwa, maganar Yayanku al'ada ce kawai, ba ta da gindin zama a shari'a. Aya ta 11 a Suratun Nisa'i ta yanka wa 'ya mace rabin kason ɗa namiji, kuma ba ta ware gida ko gona ta ce na maza ne ba.

Kafin rabo ana fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, sannan wasiyya in akwai, muddin ba ta wuce sulusi (kashi ɗaya cikin uku) ba. Mu ɗauka an gama wannan, gidan ya yi kuɗi naira miliyan 16. Mahaifiyarku tana da tumuni (kashi ɗaya cikin takwas), wato miliyan 2. Ragowar miliyan 14 a kasa ta bakwai: kowane namiji kashi biyu, miliyan 4 ke nan, kowace mace miliyan 2. Haka lissafin yake a kan haya. A duk naira 8,000 da ta shiga hannun Yaya tun ranar rasuwa, 1,000 taki ce.

Inda aka fi cutar mata shi ne wurin yi wa gida kuɗi. Wanda zai saye kason 'yan'uwa shi ke kawo dillalinsa, a karya farashi, a miƙa wa mace abin da bai taka kara ya karya ba. Ku nemi dillalai biyu ko uku da ba su da alaƙa da kowa a cikinku. Sai kuma "na yafe" da ake tatsa a tsakar gida, baffanni sun zuba ido, mace ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Kyauta ba ta inganta sai da daɗin rai, kuma ya kamata mai yafewa ta fara sanin nawa ne rabon nata.

Jinkirin ma haɗari ne. In ɗayanku ya rasu kafin a raba, kasonsa ya koma kan nasa magadan, lissafi ya ƙara cakuɗewa.

Ku ukun ku haɗa baki, ku fara da baffanku da limamin unguwa, a zauna har da mahaifiyarku, a rubuta abin da aka cim ma, shaidu su sa hannu. In Yaya ya turje, ku kai maganar gaban alƙali a kotun yanki da ke sauraron shari'ar gadon Musulunci, ku riƙe kwafin takardun gidan da sunayen 'yan haya. Wanda hukunci bai gamsar ba yana iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Filato, nan cikin Jos.