Amsa ga mai son zuwa Ingila karatun cututtukan shuka

Ƙanena, ka ce ka gama digirin aikin gona, in nema maka gurbi a inda nake. Ba kai ne na farko ba, don haka bari in amsa a fili kowa ya karanta, ni ma in huta.

Sunan "cututtukan shuka" ne ya ruɗe ka. Aikin da muke yi a nan, wato hasashen yaɗuwar cuta a gona, lissafi ne tsagwaronsa. Ana kasa gona kashi-kashi: shuka mai lafiya da wadda ta kamu, ƙwaro mai ɗauke da cuta da wanda bai ɗauka ba, sai a rubuta yadda kowane kashi ke ƙaruwa ko raguwa. Tun 1911 Ronald Ross, wani likitan Birtaniya, ya yi wa sauro da zazzaɓin da yake yaɗawa irin wannan lissafi. In kalkulas, lissafin nan na yadda abu ke canzawa, ne ya kore ka zuwa sashen noma, kuma ba ka taɓa rubuta layi ɗaya a yaren kwamfuta irin R ko Python ba, zauna gida ka koya tukuna. A can kyauta ne, a nan kana koyo kuɗin haya na cin ka.

Kuma sai ka san halin ƙwaron. Akwai cutar da darɓa, ƙaramar ƙwaron nan mai tsotsar ruwan ganye, ke ɗauka cikin daƙiƙoƙi da ta ɗanɗana ganye, ta zuba wa na gaba, kafin maganin feshi ya kashe ta aikin gama ya gama. Akwai wadda ke zama a jikinta kwana da kwanaki, irin kuturtar gyaɗa. Ka haɗa su a lissafi ɗaya, ka sa manomi asarar kuɗin magani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rikodi. Cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke nan Ingila tana da tarkuna masu tsawon mita 12.2 da ke zuƙo darɓa daga iska, ana ƙirga ta tun 1964. Da wannan suke hasashen cutar da ke sa ganyen shukar sukarinsu yin rawaya. Mu kuwa a 1975 kuturtar gyaɗa ta cinye kimanin hekta 700,000 a Arewa, amma da na tashi neman ƙidayar darɓa ta shekara-shekara, roƙo na yi ta yi har na gaji. Ga wani cin fuska: da farko kallon ɗan aiken ɗebo ganyen rogo daga Afirka wasu ke yi mini. Sai da suka fara kawo mini lissafinsu in gyara sannan aka daina.

Kada ka sayar da gonar gado don digiri na biyu. Tun Janairun 2024 ma mai irin wannan karatu na aji ba ya zuwa da iyali, sai mai digirin bincike. In babu cikakken tallafi, kada ka taso.

Daminar bana ka zaɓi gonar gyaɗa, duk mako ka ƙirga darɓa da shukar da ta kuturce, ka rubuta da kwanan wata. Turo mini bayan girbi, sai mu yi maganar gurbi.