Dalilin da Ya Sa Muka Fasa Zubin Makon Jiya

Da muna tattara kaya ka tare ni ka ce, "Maigida, kankaren nan fa ya kama, ya yi sumul, ko tsaga ɗaya babu. Don me za a fasa har mita huɗu saboda wani guntun katako ya ƙi wucewa ta cikin bututu?" Na ga ranka ya sosu, kuma da gaskiyarka, domin kai ka fi kowa shan ranar zubin nan. Ban amsa maka nan take ba saboda maganar ba ta tsaye ba ce. Zauna ka ji, ɗana.

Idan ka zuba harsashin gida, kankaren shi ne abin da mai aiki ya biya. A wannan aikin namu na hanyar kebul ɗin wutar lantarki a ƙarƙashin ƙasa, abin da mai aiki ya biya shi ne ramin da ke cikin bututun. Kankaren da ka ga muna zubawa a kewaye mai gadi ne kawai, yana tare nauyin motoci da diga da bakin injin haƙa. Idan ramin ya toshe ko ya lotse, kyawun kankaren bai amfani kowa ba.

Ka tuna mu za mu gama mu tafi. Bayan wata uku ko shida masu jan kebul za su zo, mutanen da ba su san mu ba, su ɗaura igiya a kan kebul mai nauyin gaske, su sa inji ya ja shi mita ɗari ko fiye ta cikin duhun da ba mai gani. Rigar kebul ɗin nan ta waje roba ce, kaurinta 'yan milimita ne. Duk wani abu mai kaifi da muka bari a ciki zai bi ta ya yanke ta tun daga farko har ƙarshe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ranar za a gane ba. Za a kunna wuta, komai ya tafi daidai. Ruwa ne zai riƙa shiga ta wurin yankan a hankali, sai bayan shekaru wata rana kebul ya buga a ƙarƙashin titi, asibiti ko masana'anta su shiga duhu, a rasa ta inda za a fara haƙa.

Guntun katakon da ka raina, wanda muke ce wa ɗan gwaji, shi ke tsaya mana a madadin kebul ɗin. An fere shi ne ya gaza faɗin cikin bututun da kamar milimita 6 kacal. Idan ya bi ya fita ta ɗaya bakin, kebul zai bi. Idan ya cije, to ya gaya mana gaskiya tun muna da damar gyarawa. Kai ka riƙe guduma da muka fasa, ka kuma ga abin da muka tarar. A mahaɗar bututu na biyu, wanda ya haɗa bai tura shi ya kai maƙura ba, gam kuma bai zagaye bakin duka ba. Ruwan siminti ya sulala ta ƴar kafar nan, ya kwanta a ciki, ya bushe ya zama kamar harshe, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba. Na sa ka shafa bakinsa da babban yatsanka, ka janye hannu da sauri. To haka zai yi wa kebul.

Shi ya sa nake ɓata kwana biyu a kan haɗi da ɗauri, zubin kuwa bai wuce rabin yini ba. Duk bututun da aka yanka da zarto, a kankare bakinsa ta ciki har ya yi santsi kafin a haɗa. A goge ƙura, a shafa gam ya zagaye, a tura shi ya kai alamar da aka yi masa da biro. Kada mahaɗun su taru a layi ɗaya kamar an jera su, a goce su da aƙalla santimita 15 tsakanin wannan da na kusa da shi, don kada wuri ɗaya ya zama mai rauni. Bakunan da ke buɗe kuma a toshe su duk yamma kafin a tashi. Ƙasa, tsakuwa, ɓera, duk na sha fitar da su daga bututun da aka bari a buɗe dare ɗaya.

Akwai kuma abin da ba ka taɓa gani ba tukuna, ina fatan ba za ka gan shi a aikinka ba. Bututu yana iyo a cikin ɗanyen kankare. Mutane ba sa yarda sai sun gani. Yi lissafin da kanka. Mita ɗaya ta kowace fuska ta kankare tana da nauyin kusan kilo 2,400. Bututu mai faɗin milimita 110, kowace mita ɗaya ta tsawonsa tana ture kankare mai nauyin kusan kilo 23, alhali shi kansa bai wuce kilo biyu ko uku ba, cikinsa iska ce zalla. Ke nan kowace mita ana tunkuɗa ta sama da ƙarfin kusan kilo 20. Sanda ɗaya mai mita shida, kilo 120 ke nan. Idan bututu tara ne a jere, uku bisa uku, ninka ka gani.

Ina ɗan shekara ashirin da wani abu na ga wannan da idona. Mun jera bututu shida, muka ɗaure su da juna da kyau, amma ba wanda ya ce a kafe su da ƙasa. Motar kankare ta juye kaya a wuri ɗaya. Ina tsaye a cikin ramin da shebur, sai na ji wani ƙas ƙas, wayar ɗauri tana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin in ɗaga kai, bayan bututun na sama ya ɓullo ta saman kankaren, fari fat, ya yi doro kamar bayan kifi. Mutum huɗu muka hau muka taka shi, muna sauka yana sake tasowa. Ranar har dare muna kwashe ɗanyen kankare da hannu kafin ya kama. Tun daga nan ban sake zubi ba sai na bi layin da ƙafata, na kama kowane turke na jijjiga shi. Marabin da ke riƙe bututun a kan tazararsu ana sa shi duk bayan mita ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, a kafa guntayen rodi a gefe da gefe, a ɗaure jeren gaba ɗaya da su. Kuma ba a juye kankare daga sama kai tsaye a kan bututu. A sa katako ya tare faɗuwarsa, ya gangara ta gefe, ya cika daga ƙasa ya taso.

Ka taɓa tambayata me ya sa ba za mu matse bututun su haɗu da juna ba, mu rage faɗin rami mu rage siminti. Zafi ne dalili. Kebul idan yana ɗauke da wuta ɗumi yake yi, kuma akwai iyakar da aka yi masa. Mai rufin robar da ake kira PVC digiri 70 ne, mai rufin robar da ake kira XLPE digiri 90. Idan zafin bai sami hanyar fita ba, ko dai a rage wutar da kebul ɗin zai ɗauka, ko rufinsa ya tsufa kafin lokacinsa. Kankaren da ya cika ya matsu yana jan zafi ya kai shi ƙasa. Iska kuwa riƙe zafi take yi. Don haka duk wani kogo da muka bari a ƙarƙashin bututu, irin wanda muke kira saƙar zuma, bargo muka lulluɓa wa kebul a daidai wurin. Tazarar da aka saba bari tsakanin bututun wutar lantarki kamar milimita 75 ce, haka ma kaurin kankaren da zai rufe su ta sama da ƙasa da gefe. Amma zanen injiniya shi ne gaba da maganata. In ya rubuta wani adadi, nasa za ka bi, domin shi ya san yawan wutar da za ta bi ta nan.

Wannan ƴar tazarar ita ta sa na mayar da tsakuwar da aka fara kawo mana. Manyan tsakuwa suna cijewa tsakanin bututu biyu su yi gada, ƙasansu ya zauna wayam. Ƙananan nake so, masu milimita 10. Kuma a nan ne leburori suke yaudarar kansu. Idan suka ga kwaɓin ba ya shiga lungu, sai su jawo tiyo su ƙara ruwa. Kwaɓin zai gudu kam, amma ƙarfinsa ya tafi, kuma ruwan simintin da ya tsinke shi ne mai neman kowace kafa ya shige bututu. Buhun siminti mai kilo 50 ruwansa bai kamata ya wuce lita 22 zuwa 25 ba, har da wanda ke jikin yashi idan jiƙaƙƙe ne. In kana son kwaɓi ya yi laushi, akwai maganin da ake zubawa don haka, shi za ka nema. Injin girgiza kuma ka sa shi a tsaye tsakanin bututun, ka cire a hankali. Kada ka jingina kansa da bututu ko marabi, zai kwance maka haɗi ko ya fasa roba ba ka sani ba.

Ka lura kullum daga baki ɗaya nake sa a fara zubi a nufi ɗayan. Siminti idan yana kamawa zafi yake fitarwa, robar PVC kuma tana miƙewa da zafi. Layi mai mita 100, idan ɗuminsa ya ƙaru da digiri 20, zai iya ƙara tsawo da kusan santimita 12. In ka fara daga bakuna biyu ka haɗe a tsakiya, ka kulle shi, ba inda zai miƙe sai ya lanƙwashe ko ya ture mahaɗa.

Batun rodi, ka riƙe wannan da kyau. Inda hanya za ta bi ƙarƙashin titi ko ƙasa mai laushi ana sa rodi, amma zoben rodin ya kewaye jeren gaba ɗaya. Kada ka taɓa zagaye bututu guda shi kaɗai da ƙarfe rufaffe. Idan aka sa kebul mai layi ɗaya a ciki, maganaɗisun da wutar ke haifarwa zai sa ƙarfen nan ya riƙa ɗaukar zafi, ya gasa kebul ɗin a daidai wurin. Idan duka layuka ukun da babbar wuta ke bi suna cikin zobe ɗaya, suna kashe tasirin juna.

Gangara kuma mai sauƙi ce. Ruwa sai ya shiga, ko ta gumi ko ta ramin dubawa, wato ramin da ake shiga a duba kebul, don haka mu ba shi hanyar fita. Santimita 25 zuwa 30 a kowace mita 100, a gangara zuwa ramin dubawa, kada a gangara zuwa cikin gini, kada kuma a bar kwari a tsakiya.

Wata mai zuwa za mu koma yin na zubi a fili, wato kwatami mai murfi irin wanda ake jerawa a tashar rarraba wuta da gefen layin dogo, da kuma tubala masu ramuka biyu ko huɗu da ake haɗawa baki da baki. A can babu roba tsakanin kebul da kankare, fatar kankaren ita kanta ce hanyar. Za ka shafa wa mazubi mai, ka shafa wa sandar ƙarfen da ke fitar da ramin, sannan ka koyi lokacin zare ta. In ka yi gaggawa rufin ramin zai zubo. In ka yi jinkiri kankare zai riƙe ta, sai da duka, dukan kuma yana tsaga ciki. Ba agogo ke faɗin lokacin ba, domin ranar zafi daban, ranar sanyi daban. Za ka danna yatsa a saman zubin, idan ya bar ɗan gurbi bai kwaso ruwa ba, sai ka fara murɗa sandar a hankali kafin ka ja. Zan riƙe hannunka a na farko da na biyu, na uku kai za ka yi. Bayan ya fito za ka haska tocila ta baki ɗaya ka leƙa ta ɗayan, ka zura hannu iyakar inda ya kai, duk wani ƙurji ka goge shi tun yana ɗanye.

Irin waɗannan ba a gaggawar kai su wurin aiki. A jiƙa su aƙalla kwana 7, a rufe da buhu ko leda kada rana da iska su shanye ruwansu. A kwana 7 kankare bai wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba, sai kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin. Akwai wani dalilin kuma. Ka san yadda siminti ke cin hannunka idan ka yini kana taɓa shi ba safar hannu. Kaifin nan yana cin dalma da alminiyam ma. A da, lokacin da ake yi wa kebul riga da dalma, sabon kankaren da bai gama nuna ba idan ya sami danshi yakan ci rigar har ta huje. Kebul na yanzu roba ce a wajensa, amma har gobe ba na barin tsiraicin alminiyam ya kwanta a kan sabon kankare mai laima.

Gobe da safe ga yadda za mu yi da wurin da muka fasa. Ka sassaƙe bakin tsohon kankaren ya yi kaushi, ka wanke ƙurarsa. Ka yanke bututun da ya lalace, mu sa sabo da mahaɗa biyu, ni da kai za mu shafa gam ɗin. Kafin mu zuba ko kwano ɗaya za ka ja ɗan gwaji ta kowane bututu, bayan an gama zubi kankare na ɗanye ka sake ja, sannan ka bi da burushi da tsumma, ka bar igiyar ja a ciki, ka toshe bakunan. Jan kala da za a barbaɗa a saman zubin yana cikin sito, ledar gargaɗi kuma sai an mayar da ƙasa ta kai kamar santimita 30 a kan kankaren sannan a shimfiɗa ta. Ka zo da safar hannunka, na ga tafinka ya fara tsagewa.